Zangon musayar ɗalibai zai jinkirta digirinka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yin zango ɗaya a jami'ar waje zai ja maka jinkirin kammala digirin kasuwanci. Ba zai ja ba, muddin ka daidaita kwasa-kwasanka kafin ka tashi. Shugaban sashenku ya sa hannu a rubuce cewa za su karɓi kowane kwas, don alkawarin baki ba ya shiga takardar sakamako. A yawancin jami'o'in Turai cikakken zango kiredit 30 ne a tsarin ECTS, wato ma'aunin da suke auna nauyin kwasa-kwasai da shi, da shi za ka yi lissafi.

Ni dai shawarata, dokar haraji ka bar ta sai ka dawo, kowace ƙasa da tata. Ka ɗauki dabarun talla ko gudanarwa, inda ake aikin rukuni da ɗaliban ƙasashe daban-daban. Biza kuma ka nema da wuri.