Me Ya Sa Masana'antun Zamani Suka Fara Tasowa a Birtaniya?

Tambaya: Malam, na karanta cewa a farkon ƙarni na 18 masaƙan Indiya sun fi na Turai gwaninta nesa ba kusa ba. To, yaya aka yi masana'antun zamani suka fara a Birtaniya, ba a Indiya ba?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma gwanintar nan ta Indiya tana cikin abubuwan da suka zaburar da Ingila. Yadin audugar Indiya ya mamaye kasuwar Landan har masu sana'ar ulu suka kai kuka majalisa, aka kafa dokoki a 1700 da 1721 waɗanda suka taƙaita shigowarsa da amfani da shi. Sai dai mutane sun riga sun saba da tufafin auduga, saboda haka duk wanda ya iya samar da zare mai arha a cikin gida, kasuwa na jiransa.

A ganina, babban dalili shi ne tsadar ƙwadago da arhar kwal. Ladan ma'aikaci a Ingila ya ninka na takwaransa a Indiya, don haka ɗan kasuwan lardin Lancashire na Ingila yana da ribar sayen injin da zai yi aikin mutum goma, alhali a yankin Bengal na Indiya kaɗi da hannu ya fi sauƙin kuɗi. Bayan John Kay ya ƙirƙiro ƙoshiyar saƙa mai sauri a 1733, zare ya yi wa masaƙa ƙaranci, kuma wannan ƙarancin ne ya haifar da injunan kaɗi na James Hargreaves da Richard Arkwright. A 1771 Arkwright ya buɗe masana'antarsa a Cromford, inda ruwa ke juya injuna, ma'aikata kuma, har da yara ƙanana, suke aiki dare da rana bisa ƙa'idar agogo.

Shi kuwa kwal, Ingila ta daɗe tana ƙona shi saboda itace ya yi tsada. Da ramukan haƙarsa suka yi zurfi, ruwa ya riƙa cika su, shi ya sa Thomas Newcomen ya ƙera injin tururi a 1712 don zuƙe ruwan. Injin yana cin kwal ƙwarai, amma a bakin rami wannan ba damuwa ba ce. James Watt ya gyara shi, ya yi masa rajista a 1769, daga baya aka kai shi masaƙu. Tun 1709 ma Abraham Darby ya fara narka tama da gasasshen kwal a Coalbrookdale maimakon gawayin itace.

Akwai kuma Bankin Ingila da aka kafa a 1694, da dokokin kare haƙƙin mai ƙirƙira, da killace filayen noma da kiwo na al'umma wanda ya bar talakawa da yawa ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu.

Abin da bai kamata a ɓoye ba shi ne, auduga ba ta tsiro a Birtaniya. Yawancin wadda injunan birnin Manchester suka kaɗa ta fito ne daga tsibiran Karebiyan, daga baya kuma daga jihohin kudancin ƙasar Amurka, musamman bayan injin gurza na Eli Whitney a 1793, kuma bayi 'yan asalin Afirka ne suka noma ta. Masana suna saɓani kan yawan jarin da cinikin bayi ya zuba a masana'antu, amma ta tashar Liverpool, wadda ta yi ƙaurin suna a wannan mummunan ciniki, audugar take shiga.