Ina ake samun burbushin halittun teku a cikin dutse?

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka fara nema. Ka nufi Kalambaina a Sakkwato. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wajen, shi ya sa dutsen farar ƙasar da ake siminti da shi ke ɗauke da ɓawon kumba da dodon koɗi. Ka bi gefen kwazazzabo bayan an yi ruwa, lokacin da zaizaya ta tono su. Za ka iya samun murjani ma, wato wata halittar teku; wani yakan fito da 'yan ramuka kamar saƙar zuma.

Dutse irin na Kwatarkwashi a Zamfara kuwa ba ya riƙe burbushin halitta, kar ka wahala. Kar ka shiga ramin haƙar dutse ba izini. In ka ga ƙashi ko haƙori, kar ka ɓamɓare shi, ɗauki hoto ka nuna wa masana duwatsu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.