Yaya Ake Koyar da Lafiyar Al'umma da Labarin Annoba?

Tambaya: Ina koyarwa a kwalejin kiwon lafiya. Ɗalibaina sun iya hadda, amma da na ce "ga cuta ta ɓulla, me za ku yi?" sai aji ya yi tsit. An ba ni shawarar in riƙa koyarwa da labarin abin da ya taɓa faruwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, amma sirrinta ɗaya ne: kada ka zube musu labarin gaba ɗaya. Ka riƙa gutsura musu, domin haka bayani ke zuwa wa ma'aikacin lafiya a bakin aiki.

Fara da labarin Oswego, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta daɗe tana horar da masu binciken annoba da shi. A 1940 mutane suka ci abincin liyafa a wani coci a yankin Oswego na jihar New York, cikin dare amai da gudawa suka kama da yawansu. Tsaya nan. Tambaye su: wa za ku fara nema, me za ku tambaye shi? Bar su su yi gardama. Sannan ka miƙa musu takardar mutum 75 da aka zanta da su, 46 sun kamu, ga abin da kowa ya ci. Su yi lissafin da hannunsu, abinci bayan abinci. Za su tarar cikin 54 da suka sha askirim ɗin banila 43 sun kwanta, cikin 21 da ba su sha ba kuwa 3 kacal. Ɗalibin da ya gano wannan da alƙalaminsa ba zai manta yadda ake kwatanta waɗanda suka ci da waɗanda ba su ci ba.

Daga baya ka kawo labarin likita John Snow da kwalarar Landan ta 1854, inda aka cire hannun famfon ruwa na titin Broad Street, wanda ya zarga da yaɗa cutar, tun ba a tabbatar da ƙwayar cutar ba. Nan tambayar ta fi nauyi: za ka rufe wa jama'a ruwa kafin hujja ta cika?

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne malami ya kama bakinsa. Idan ɗalibi ya kauce, kada ka yi saurin gyara shi, ka ce ya kawo dalilinsa. Raba su rukuni-rukuni, biyar ko shida, kuma ka ware mintuna goma na ƙarshe ka ba abin da suka gano sunansa na ilimi.