Injin kwaɓa ya cire ma yarona yatsu biyu, akwai hakkinshi a kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta malam. Ina da gidan burodi a unguwar Zariya nan Maraɗi, yara 9 ke min aiki. Watan jiya injin kwaɓa fulawa ya kama hannun ɗaya ya cire mishi yatsu biyu, ni na kai shi asibiti na biya magani duka, da ya fito na ba shi jika 20 na sallame shi na sa wani. Akwai kuma jika 15 da na riƙe cikin kuɗinshi na burodin da ya taɓa ƙonawa. Yanzu wai yayanshi zai kai ni anspeksiyon, ofishin hukuma mai duba harkar ma'aikata, alhali ba takarda tsakaninmu, uwarshi ce ta kawo min shi. Akwai hakkinshi a kaina? Kuma CNSS ɗin nan, asusun da ake rubuta ma'aikata ana zuba musu kuɗi, ba asirans ba ce ta haram?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ba yaron lafiya. Alhaji akwai hakki, kuma ba kaɗan ba.

Zancen ba takarda ka aje shi gefe. Ranar da uwarshi ta kamo hannunshi ta kawo maka, kunka yanke abin da za ka dinga ba shi, ijara, wato yarjejeniyar ƙwadago, ta ƙullu, don a shari'a ana ƙulla ta da baki. Mu nan mun saba da "ai yarona ne, ni ke ci da shi", to kirki ne amma ba ya goge lada. A hadisi ƙudsi na Bukhari Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya sha aikinshi tas ya hana shi ladanshi.

Jika 15 ɗin nan ka maida mishi. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe: tela ko maƙeri da ka kai ma kaya ya shige da su shagonshi, shi ke biya in sun lalace, amma yaron da ke aiki cikin gidanka da kayanka a gaban idonka amintacce ne, ba ya biya sai in ganganci ya yi ko sakaci bayyananne. Burodi ya ƙone da dare ɗaya, wa ya san ko barci ne ko furun ne ya yi zafi? Ba zai yiwu kai ne mai ƙara kai ne alƙali kuma kuɗin na aljihunka ba.

Sai yatsu, nan ne zan tambaye ka kuma ka amsa tsakaninka da Allah. Injin nan yana da murfinshi? Ko an cire shi tuntuni don aiki ya yi sauri, ko yara sun sha gaya maka yana fizga ka ce a lallaɓa sai bayan salla? In lafiya lau yake, yaron ne ya zura hannu, diyya ba ta hau kanka ba. In kuwa ka san da aibin ka tura shi to kai ne sanadi, lamuni ya hau ka, kuma ka sani diyyar yatsa guda a hadisi raƙumi 10 ce, ka lissafa biyu ka aza kusa da jika 20 ɗinka. Alƙali ke yanke wannan, ko ku yi sulhu da yardar yaron, ba yardar kunya ba.

Doka kuma, Alhaji, ba abin Nasara ba ce da za ka kauda kai. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ita ce al'adar da ake ɗaukar ma'aikaci a kanta, kuma malamai sun ce abin da anka sani a al'ada kamar sharaɗi ne, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. A cikinta wanda ya ji ciwo wurin aiki ba a korarshi yana jinya, jiranshi ake. Aiki awa 40 ne a sati, abin da ya ɗaru ana biyanshi daban, ƴan burodi kuwa kowa ya san kwana suke tsaye. Mafi ƙarancin albashi tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, ka duba yaranka 9 nawa sunka kai nan.

CNSS ba irin asirans ɗin kasuwa ba ce da malamai sunka yi magana a kai saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, asusun taimakekeniya ne na hukuma, mafi yawan malaman zamani sun halatta shi, ni ma ra'ayina ke nan. Da ka rubuta yaron, da CNSS ce za ta ɗauki jinyarshi da kuɗin naƙasa, yanzu ga shi kan iya faɗowa kanka, ga bashin zubin baya.

Kada ka jira sammaci. Anspekta sulhu yake fara nema kafin magana ta kai kotun aiki, ka kira yayan da uwar ku je tare a rubuta abin da anka daidaita, ka maida yaron ko da wurin ƙirga burodi ne da sallamar masu kai wa tebura, sauran 8 ka rubuta su, injin kuma a gyara shi kafin a sake kunnawa.

Wallahu a'alam.