Gwajin insulin ko na suga: wanne zan fara biya?

Tambaya: Malam, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ciwon suga ne ajalin mahaifina, ga shi ni ma teɓa ta fito mini. Na je wani wurin gwajin jini a Agege, suka ce in biya na insulin, wai shi ke tona ciwon tun bai bayyana ba. Tsadarsa ta sa na ja baya. In biya?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna.

Ba ƙarya suka yi maka ba. Insulin ne ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Idan jiki ya fara yi masa gardama, sai a riƙa fitar da shi da yawa don a danne sugan, har a yi shekaru a haka awon suga na nuna lafiya lau. Akwai lissafin da masana a Ingila suka fitar a 1985 don auna wannan gardamar, HOMA-IR: a ninka adadin insulin da na suga, a raba da 405. Sai dai mudun ba ɗaya ba ne. Na'urar wannan wuri dabam, ta wancan dabam, kuma ba a tsayar da lambar da kowa ya yarda ita ce iyaka ba.

Fara da mai araha. Ka kwana awa 8 ba ka ci komai ba, ko shayin safe kada ka kurɓa, sai ruwa, a auna sugan. A ma'aunin mg/dL, ƙasa da 100 lafiya. 100 zuwa 125 gargaɗi ne. 126 zuwa sama, idan an maimaita, ciwon ne. Ka haɗa da HbA1c, mai nuna yadda sugan ya kasance wata biyu zuwa uku: kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin ɗari gargaɗi, 6.5 zuwa sama ciwo.

A nan mutanenmu ke tuntuɓe. Sikila da ƙarancin jini suna iya karkatar da HbA1c, masu AS kuwa, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ba su da iyaka a ƙasar nan. Ka faɗi ko kai AA ne, AS ko SS, tun kafin a soka maka allura. Idan sakamakon ya rikice, akwai gwajin shan giram 75 na suga, a sake aunawa bayan awa 2.

Ari tef ɗin tela ka auna cikinka ta wajen cibiya; idan ya haura rabin tsawonka, akwai gyara. Uwargida ta duba maka ƙeya: baƙin da ke kwanciya a wuya, sabulu bai fitar da shi, alama ce ta gardamar da jiki ke yi wa insulin. Ka kai wa likita takardun, ko a asibitin koyarwa na Idi-Araba. In ya ga akwai buƙatar na insulin ɗin, shi zai rubuta maka.