Bayan mako nawa ya kamata a ƙara ɗaure wayar gyaran haƙori?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗiyata mai shekara 16 an sa mata wayar gyaran haƙori a Yamai wata bakwai da suka wuce, kuma likitan ya ce mu riƙa komawa bayan kowane mako takwas. Sai ga shi ɗan ƙanwata da aka sa wa tasa a Kano, shi duk bayan mako huɗu ake ɗaure masa. Anya ba jan lokaci ake yi mana ba? Akwai wani a nan garin da ya ce zai iya ƙara matse mata duk mako biyu domin aikin ya yi sauri. Ina neman shawararka. (Wata uwa daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya miki yarinya. Tazarar da likitocin wannan fanni suka fi amfani da ita tana tsakanin mako 4 zuwa 8, saboda haka likitan ɗiyarki da na ɗan ƙanwarki duk suna kan hanya. Wanda nake roƙonki da ki guje wa shi ne mai tayin matsewa duk mako biyu, kuma dalilin yana cikin yadda haƙori yake motsawa.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashin muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wani siririn tantani mai zaruruwa da ƙananan hanyoyin jini, wanda kaurinsa yake kimanin rubu'in milimita. Idan waya ta tura haƙori a hankali, sai tantanin ya matsu ta gefe ɗaya, ya miƙe ta ɗaya gefen. A gefen da ya matsu, jiki yakan aiko da wasu ƙwayoyin halitta su cinye ƙashin da ya tare hanya, a gefen da ya miƙe kuma wasu ƙwayoyin na daban su gina sabon ƙashi su cike gurbin da aka bari. Wannan rushewa da gini shi ne ainihin aikin, kuma jiki yana yin sa da nasa takun, wanda a mafi yawan mutane yake kaiwa kimanin milimita 1 a wata. Waya ishara kawai take yi wa ƙashi, ta nuna masa inda za a nufa.

To me ke faruwa idan aka ƙara ƙarfi fiye da kima? Hanyoyin jinin nan sukan toshe gaba ɗaya a wurin da aka matse, sai wani yanki na tantanin ya mutu. Daga nan haƙorin yakan tsaya cak, domin ƙwayoyin da ke cin ƙashi ba su da hanyar isa wurin ta gaba, dole sai sun zagayo ta cikin ɓargon ƙashi sun kwashe abin da ya mutu, abin da kan ci mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma fiye. Bayan haƙorin ya motsa, tantanin yana buƙatar wani lokacin kwatankwacin wannan domin ya farfaɗo. Wannan ne ya sa koyarwar fannin ta tsaya a kan cewa kada a sake ɗaure waya a ƙasa da mako 3. Mai matsewa duk mako biyu yana danna wurin da bai gama warkewa ba, sai yarinyar ta sha azaba, haƙorin kuma bai ƙara sauri ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a irin wannan matsi shi ne cinyewar saiwar haƙori. Ko a aikin da aka yi bisa ƙa'ida, bakin saiwar yakan ragu kaɗan, milimita 1 zuwa 2, kuma wannan ba ya cutarwa. Amma ƙarfi mai yawa da ake maimaitawa ba hutu yana iya sa ƙwayoyin nan su afka wa saiwar kanta har ta gajarce ƙwarai, kuma saiwar da ta gajarce ba ta sake tsirowa. Mutum ba ya jin haka yana faruwa, sai an ɗauki hoton ƙashi ake ganewa, ko kuma bayan shekaru haƙoran gaba su fara girgiza. Ga kuma dasashi da kan janye ya bar wuyan haƙori a fili.

Dalilin da ya sa tazarar yaran biyu ta bambanta kuwa yana komawa ga irin wayar da ke bakin kowannensu da matakin da aikin ya kai. A da, wayar ƙarfe zalla ake amfani da ita, wadda ƙarfinta yake ƙarewa da zarar haƙori ya ɗan motsa, shi ya sa zuwa duk wata ya zama al'ada. A farkon shekarun 1970 wani likita ɗan Amurka, George Andreasen, ya shigo da waya ta haɗin nikel da titaniyom cikin wannan aiki, ƙarfen da aka fara samarwa a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka. Ita wannan waya komai lanƙwasa ta da aka yi tana ƙoƙarin komawa siffarta ta asali, tana jan haƙoran da ƙarfi mai taushi wanda ba ya yankewa har tsawon makonni. Da ita ake fara jera haƙora a watannin farko, kuma likita yakan bar ta mako 8, har zuwa 10, domin cire ta da wuri katse mata aiki ne. Na fi zaton a nan ɗiyarki take, ko da yake wanda ya ga bakinta ne zai tabbatar miki.

Idan aka zo matakin rufe giɓi, musamman ga wanda aka cire wa haƙori domin samar da fili, galibi ana amfani da wata sarƙa ta roba, ita kuma roba tana rasa kusan rabin ƙarfinta tun a kwanan farko, ta ci gaba da saki, don haka sai an canza ta bayan mako 4 ko kusa da haka. Haka ma a matakin ƙarshe, inda ake ƴan gyare-gyare da waya mai tauri, zuwa yakan ƙara kusantar juna. Kada ki yi mamaki idan nan gaba aka rage muku tazarar.

Yawanci aikin gaba ɗaya yakan ɗauki wata 18 zuwa 24, kuma a abin da nake gani, abubuwan da ke tsawaita shi daga gida suke fitowa. Na farko shi ne ɓallewar ƴan ƙarafan da aka manna a jikin haƙori. Duk haƙorin da ƙarfensa ya ɓalle ya fita daga aiki, yana iya ma komawa inda ya fito, kuma idan aka sake manna shi sau da yawa sai an koma siririyar waya an faro daga baya. Ga mai zaune a Maradi wannan ba ƙaramin lamari ba ne, tunda tsakaninku da Yamai ya haura kilomita 600, ba za ku tashi don ƙarfe ɗaya ba, sai ku jira ranar da aka ba ku, makonni sun tafi a banza. Saboda haka rake, ƙuli-ƙuli, aya, goruba, goro, busasshen kilishi da alewa mai danƙo, duk ta haƙura da su har a cire wayar. Na san hana yarinyar Maradi ƙuli-ƙuli ba abu ne mai sauƙi ba, amma ana iya daka shi a zuba mata a abinci. Na biyu shi ne tsallake ranar komawa, da kuma rashin sa ƙananan robobin da ake ba mutum ya riƙa maƙalawa da kansa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Na uku tsafta ce: dasashin da ya kumbura yana jini yakan tilasta wa likita ya dakata, kuma dattin da ya taru a gefen ƙarafan yakan bar farin tabo mai wuyar fita. Buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid bayan kowane cin abinci shi ne abin da ya dace a wannan lokaci.

Ciwon da take ji bayan an ɗaure mata yakan yi tsanani a kwana na farko zuwa na biyu, ya lafa cikin mako guda. Farasitamol ya wadatar, kuma ya fi ibufurofen da danginsa dacewa, saboda su suna dakushe sinadaran da ke kiran ƙwayoyin cin ƙashi. Lafawar ciwo ba alama ce ta cewa waya ta daina aiki ba, a nan ne mutane da dama suke ruɗewa har su nemi a ƙara musu matsi.

Idan waya ta zame tana sokar kumatu, ko ƙarfe ya ɓalle, likitan haƙori na nan Maradi zai iya datse bakin wayar ko ya cire abin da ke rauni, amma ki ɗauki hoton bakin ki aika wa likitan Yamai a ranar, shi zai faɗa miki ko abin zai jira ko kuwa sai kun taso. Ranar da kuka koma kuma, ki tambaye shi wace irin waya ce a bakinta yanzu, wane mataki aka kai, da kuma yaushe yake shirin ɗaukar hoton ƙashi domin duba saiwoyin.