Tambaya da Amsa: Duniyar da Shekararta Kwana Huɗu Ce

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Gusau. Wata ɗalibata ta ji a rediyo cewa akwai wata duniya mai girma kamar Mushtari, wadda iska ce zalla, da take zagaye wani tauraro na nesa cikin kwana huɗu kacal saboda kusancinta da shi. Ta tambaye ni abin da ya hana ta ƙonewa, da yadda aka san da ita alhali an ce ba a gan ta ba. Na ce ta dakace ni in bincika. Ina neman ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bisa siffofin da kika kawo, duniyar da ɗalibarki ta ji labari ita ce 51 Pegasi b, wadda aka raɗa wa suna Dimidium a 2015, wato rabi a harshen Latin, domin nauyinta ya kusa rabin na Mushtari, wadda ta fi girma a cikin duniyoyin da ke zagaye Ranarmu. Tauraron da take zagayawa ya yi kama da Ranarmu, kuma haskensa sai ya yi tafiyar kimanin shekara 50 kafin ya iso gare mu. Tsakaninta da shi bai wuce kilomita miliyan 8 ba, alhali Uɗarid, wadda ta fi duk duniyoyinmu kusa da Rana, tazarar kilomita miliyan 58 ce tsakaninsu, Mushtari kuwa miliyan 778. Shi ya sa take kammala zagayenta a kwana huɗu da kimanin awa biyar, Mushtari kuma sai ta shafe kusan shekara 12.

Bari in fara da tambaya ta biyu, domin ita ta fi sauƙi. Waɗanda suka gano ta, Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz na Jami'ar Janeba, lallai ba su gan ta ba. Motsin tauraron suka auna. Idan babban mutum ya kama hannuwan yaro yana juya shi, yaron ne ke yin babban zagaye, amma shi ma babban sai ya riƙa ɗan karkata. Haka tauraro yake da duniyarsa: yana jan ta, tana jan sa, don haka wani lokaci yana matsowa wajenmu, wani lokaci yana ja da baya. Wannan kai-komo yana ɗan sauya launin haskensa, kamar yadda ƙarar jiniya ke sauyawa a kunne idan motar ta tunkaro mutum da kuma bayan ta wuce shi. Da na'urar ELODIE da ke cibiyar kallon taurari ta Haute-Provence a kudancin Faransa suka ga tauraron yana wannan motsi da gudun kimanin mita 56 a daƙiƙa, yana kuma maimaita shi ba fashi duk bayan kwana huɗu da 'yan awoyi. Sun sanar da haka a birnin Fulorens na Italiya a watan Oktoba na 1995, ba a jima ba masu bincike a Amurka suka tabbatar, kuma a 2019 aka ba su kyautar Nobel. Ita ce duniya ta farko da aka gano tana zagaye tauraro irin Rana.

Maganar ƙonewa kuwa, a nan ne ɗalibarki ta nuna basira. Zafin sararin wannan duniya ya kai wajen digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyas, wato ya zarce zafin da masu ƙera tukwane ke narka alminiyam da shi, wanda ke narkewa a digiri 660. Amma zafi daban, cin wuta daban. Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, abin da ya sa maƙeri ke zuga, kuma ya sa garwashi ke mutuwa idan aka kife shi da kwano. Irin waɗannan duniyoyi galibinsu iskar haidirojin ce da hiliyam, ɗan oksijin ɗin da ke cikinsu kuma ya riga ya haɗe da wasu sinadarai, kamar a tururin ruwa. Saboda haka iskar tana ɗaukar zafi, tana kumbura, amma babu abin da zai kunna ta.

Abin da ya kamata a tambaya a madadin haka shi ne me ya hana iskar watsewa, amsar kuma ita ce nauyi. Rabin Mushtari ya ninka duniyarmu nauyi kimanin sau 150, ƙarfin jan da ke tattare da wannan nauyi kuwa ya isa ya riƙe iskar duk da zafinta. Ba a rasa asara, sai dai kaɗan ce. A 2003 na'urar hangen nesa ta Hubble ta nuna haidirojin yana tsiyayewa daga wata 'yar'uwarta da ke zagaye wani tauraro daban, mai suna HD 209458 b, amma lissafi ya nuna cewa duniya mai irin wannan nauyi za ta yi biliyoyin shekaru tana wannan zuba ba tare da ta ƙare ba.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai a 1995 shi ne yadda ta zo wurin tun farko. Bisa fahimtar da ake da ita, ƙatuwar duniyar iska tana samuwa ne can nesa da tauraro, inda sanyi ya daskarar da ƙanƙara har ta taru ta zama ƙwaya mai nauyin da zai jawo iska. Bayanin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne cewa can nesa aka haife ta, sannan ta yi ƙaura zuwa ciki, ko dai saboda gogayya da faifan iska da ƙurar da ke kewaye da tauraron a ƙuruciyarsa, ko kuma saboda wata duniya ko wani tauraro ya karkatar da hanyarta. Ya kamata a gaya wa ɗalibai cewa irinta ba su da yawa, domin kimanin ɗaya cikin ɗari na taurari masu kama da Rana ne ke da su, ko ma ƙasa da haka. Sun cika labarai ne kawai saboda girmansu da kusancinsu sun sa su ne mafi sauƙin ganowa.

Akwai ma waɗanda suka fi ta zafi nesa ba kusa ba. KELT-9b, wadda aka sanar a 2017, ɓangarenta mai fuskantar tauraro ya kai kimanin digiri 4,300, zafin da ya ɗara na wasu taurarin. WASP-76b kuma ita ce ake cewa ana ruwan ƙarfe a cikinta. A nan ina jan hankali: abin da aka auna a 2020 da na'urar hangen nesa ta VLT a ƙasar Cile shi ne tururin ƙarfe a gefe ɗaya na duniyar da raguwarsa a ɗaya gefen, daga nan masana suka fassara cewa yana komawa ruwa ya zuba a ɓangaren dare, wato wanda ba ya fuskantar tauraro. Fassara ce mai ƙarfi, amma ba hoton ruwan ƙarfe aka ɗauka ba.

Idan kina son ɗalibanki su ga wani abu da idonsu, Malama, tauraron da 51 Pegasi b ke zagayawa yana cikin rukunin taurari na Pegasus, wanda Larabawa ke kira Alfarasul A'azam, kuma daga Gusau rukunin yana kusan tsakiyar sama bayan sallar isha'i a watan Oktoba da farkon Nuwamba. Ku nemi manyan taurari huɗu masu siffar murabba'i, sannan ku duba daura da gefensu na yamma. Haskensa dishi-dishi ne ƙwarai, don haka ku zaɓi daren da babu farin wata, ku nisanci fitilun gari, ku kuma yi ƙoƙarin fita kafin hazon hunturu ya rufe sama.